Mako Guda a Tsohon Gidan Ƙauye a Ingila: Amsa ga Mai Shirin Tafiya da Iyali

Tambaya: Wani bawan Allah ya aiko yana cewa 'yarsa za ta kammala digiri na biyu a wata jami'a a Ingila a watan Yuli, kuma yana so bayan bikin yaye ɗalibai ya kai iyalinsa su shida, har da mahaifiyarsa mai shekara 74 da yara biyu ƙanana, su yi mako guda a irin tsofaffin gidajen ƙauyen nan na dutse da ake ba matafiya haya. Ya ji ana ambaton yankin Cotswolds. Yana tambaya ko hakan ya fi sauka a otal, da abin da ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Na yi shekaru ina aikin duba tsofaffin gine-gine a wannan yanki kafin a taɓa su da gyara, na kuma sauki 'yan uwa daga gida a irin waɗannan gidaje ba sau ɗaya ba, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona. Ga iyali irin naku gidan ƙauye ya fi otal nesa ba kusa ba, domin za ku dafa abincinku, ku yi sallarku cikin jam'i a falo, yara su sami filin wasa, ba kuma wanda zai ƙwanƙwasa muku ƙofa. Amma akwai sharaɗi guda, kuma duk bayanin da zan yi a kansa ya ginu: tsohon gida ba ya sauya halinsa saboda baƙo, baƙo ne yake koyon halin gidan. Saboda haka ba hoton gida za ka kalla ka zaɓa ba, gwiwar Hajiya za ka fara dubawa, sannan ka nemi gidan da ya dace da ita.

Bari in fara da yankin kansa, don ka san abin da za ka biya kuɗi a kai. Cotswolds jerin tuddai ne a yammacin Oxford, mafi yawansa a cikin gundumar Gloucestershire, faɗinsa ya kai kusan murabba'in mil 790, kuma tun 1966 hukuma ta sanya shi cikin yankunan da ake kare kyawun shimfiɗarsu. Abin da ya sa ƙauyukansa suke kama da juna shi ne dutsen da ke ƙarƙashin ƙasarsu, wato dutsen farar ƙasa mai launin zuma, wanda da shi aka gina bango, da shi aka yi rufi, da shi kuma aka yi shingen gonaki ba tare da kwaɓi ba. Arzikin da ya gina su kuwa na ulu ne. A ƙarni na 14 da na 15 gashin tumakin wannan yanki na daga cikin mafi tsada a Turai, fatake suna fitar da shi zuwa Italiya da yankin Filandas, wanda mafi yawansa ke cikin Beljiyam ta yau, kuma ribar da suka samu ita ce ta gina manyan majami'un Northleach da Chipping Campden da Cirencester, waɗanda girmansu ya zarce na garuruwan da suke ciki. Da sana'ar saƙa ta koma manyan masaƙu na arewacin Ingila, sai yankin ya talauce, mutane ba su da kuɗin rushe tsohon gini su yi sabo, kuma wannan talaucin ne ya adana mana ƙauyukan kamar yadda suke. Wanda ya san tarihin unguwannin marina da masaƙa a birnin Kano ba zai ga baƙon abu a wannan labari ba.

To, gidajen da ake kira da kyau a yau yawancinsu na talakawa ne, masaƙa da makiyaya da 'yan ƙodagon gona. Shahararren layin gidajen nan na Arlington Row da ke ƙauyen Bibury, wanda hotonsa ya taɓa shiga cikin fasfon Birtaniya, an gina shi ne wajen 1380 a matsayin rumbun ajiye ulu na 'yan zuhudu, sai a ƙarni na 17 aka raba shi gida-gida aka zuba masaƙa a ciki. Fadamar da ke gabansa, da ake kira Rack Isle, nan ne ake shanya yadin da aka wanke. Ka ga ke nan an gina su ne don mutanen da ba su da yalwar itacen hura wuta, shi ya sa ɗakunan ƙanana ne, rufin ciki ya yi ƙasa, tagogi 'yan mitsi-mitsi, ƙofofi kuma sai dogon mutum ya sunkuya kamar mai shiga tsohon zaure. Daga 1696 zuwa 1851 ma har haraji ake karɓa a Ingila bisa yawan tagogin gida, kuma har yau za ka ga manyan gidajen da aka toshe wasu tagoginsu da dutse.

Wannan ya kawo mu kan matakala, wadda ita ce babbar damuwata game da tafiyarku. A irin waɗannan gidaje ɗakunan kwana da banɗaki kusan kullum a sama suke, matakalar kuwa mai tsayi ce, ƙuntatacciya, sau da yawa tana murɗawa a bayan murhu, kowace taka ba daidai da 'yar uwarta ba, wani lokaci ma igiya ce kawai aka ɗaura a bango a madadin abin dafawa. Kada ka ɗauka sakacin mai gida ne. Yawancin gidajen suna cikin rajistar gine-ginen tarihi da doka ta kare, wadda ke ɗauke da kusan gini 400,000 a Ingila, an kasa su mataki uku, fiye da kashi 90 cikin ɗari kuma suna matakin ƙasa, wanda ake kira Grade II. Mai irin wannan gida ba shi da ikon sauya matakala ko faɗaɗa ƙofa ko canza taga sai da rubutaccen izinin ƙaramar hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Don haka abin da za ka nema tun farko shi ne gidan da yake da ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa, banɗakin kuma ya zama na shaya da ake shiga a tsaye, ba kwamin wanka da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka ba. Irin wannan an fi samunsa a tsofaffin rumbunan hatsi da bargar dawakai da aka mayar gidajen kwana, ko tsohon gidan gona da aka yi wa ƙarin ɗaki. Suna da shekaru ɗari biyu ko uku su ma, dutsen ɗaya ne, azarar katakon ɗaya ce, amma sun fi yalwa. Kamfanonin haya na ƙwarai suna da takardar da ke bayyana yawan matakala da faɗin ƙofofi da nisan wurin ajiye mota zuwa ƙofar gida. Ka nemi a turo maka ita, in babu kuma ka rubuta wa mai gidan ka tambaye shi dalla-dalla, har da neman hoton matakalar, domin ita ce ba a cika sanyawa a talla ba.

Game da wurin da za ka nemi hayar, hanyoyi uku ne. Akwai National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895 don adana wuraren tarihi, wadda ke ba da hayar ɗaruruwan gidaje, ciki har da guda ɗaya a Arlington Row ɗin nan. Akwai Landmark Trust da John Smith da matarsa Christian suka kafa a 1965, wadda aikinta shi ne ceto gine-ginen da suka kusa rushewa, ta gyara su, ta riƙa ba da su haya don kuɗin ya riƙe su; tana da gini kusan 200, kuma a Chipping Campden tana da ragowar ɗakunan liyafa na babban gidan Sir Baptist Hicks, attajirin da ya gina rumfar kasuwar garin a 1627, wanda gidan nasa ya ƙone a 1645 lokacin yaƙin basasa. Ina matuƙar girmama aikin wannan ƙungiya, a kowane gida tana ajiye kundin tarihin ginin da littafin da baƙi ke rubuta abin da suka gani, amma ka sani da gangan ba ta sanya talabijin a gidajenta, yawancinsu ma babu intanet, kuma da yawa daga cikinsu hasumiyoyi ne da ɗakunan ƙofar gari masu wahalar hawa. Ga ma'aurata masu jini a jika babu kamarsu, ga Hajiya kuwa ban ba ka shawara ba. Hanya ta uku, wadda na fi ganin ta dace da ku, ita ce kamfanonin haya da ke wakiltar masu gidaje, domin a nan za ka iya tace bincikenka ka ce ɗakin ƙasa kake so da wurin ajiye mota.

Tsarin biyan kuɗi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana ba da kafin alƙalami, galibi kwata ko sulusin kuɗin, sannan a cika sauran makonni shida zuwa takwas kafin ranar zuwa, wasu kuma suna riƙe wani abu na jingina saboda ɓarna, su mayar bayan an fita. A lokacin zafi yawanci mako cikakke ake bayarwa, daga Juma'a zuwa Juma'a ko Asabar zuwa Asabar, a shiga da ƙarfe uku ko huɗu na yamma, a fita da ƙarfe goma na safe. Hutun makarantun Ingila yana farawa a ƙarshen Yuli har zuwa farkon Satumba, kuɗi kuma yana tashi sosai a lokacin, saboda haka idan bikin ya faɗo a farko ko tsakiyar wata ka kama makon da ke biye da shi kai tsaye. Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Na farko, kama gida ba ya tabbatar da samun biza, don haka ka karanta sharuɗɗan fasa haya da kyau, in da hali kuma ka bari bizar kowa ta fito kafin lokacin cika kuɗi. Na biyu, kada ka tura kuɗi zuwa asusun wani mutum da ya tallata gida a Facebook ko ya ce ku kammala magana a WhatsApp don ya rage maka. Masu damfara suna kwafar hotunan gidajen gaskiya su yi talla da su. Ka biya da kati ta shafin kamfanin kansa.

Akwai wani sharaɗi da mu Hausawa muka fi tuntuɓe da shi, shi ne adadin mutane. Idan an rubuta gida na mutum shida ne, to shida ake nufi, kuma yaro ma mutum ne a lissafinsu, jariri na goye kaɗai wasu ke ɗauke wa. Ba rowa ba ce, inshorar gidan da ƙa'idar kariya daga gobara ne suka ɗaure mai shi. Na san da zarar 'yan uwa da ke Landan ko Birmingham suka ji Hajiya ta zo za su so su zo gaisuwa, kuma a al'adarmu ba a cewa baƙo ya koma da dare. Ka lissafa 'yar taku mai kammala karatu a cikin adadin, ka kama gida mai ɗaukar mutum takwas in kana tsammanin masu kwana, ka kuma sanar da mai gida tun da wuri cewa wasu za su zo yini. Yawancinsu ba sa ƙi in an tambaye su, abin da ke ɓata musu rai shi ne maƙwabci ya kira su ya ce ya ga motoci biyar a ƙofar gida.

Yanzu sai halin ginin. Hanya mafi sauƙi da za ka fahimce shi ita ce ka ɗauke shi kamar sorayen ƙasa na gidajenmu na da. Bangon dutse ne mai kaurin kusan kamu ɗaya ko fiye, an haɗa shi da kwaɓin farar ƙasa ba siminti ba, yana shan laima yana kuma fitar da ita, kamar yadda ginin tubali da makuba ke yi. Duk magini a Zariya ko Katsina ya san abin da ke faruwa idan aka shafe bangon ƙasa da siminti: ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe daga ciki. Haka yake a can, kuma rabin aikina gyaran ɓarnar da siminti ya yi wa irin waɗannan gidaje ne. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne gidan yana buƙatar iska. Ku buɗe tagar ɗakin girki in ana dafuwa, ku buɗe ta banɗaki bayan wanka, kada ku shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗakin kwana a rufe. Ɗan warin danshi a ranar farko ba alamar ƙazanta ba ce. Sannan kaurin bangon yana sa cikin gida ya yi sanyi ko da rana na haskawa a waje. A Yuli zafin rana yakan tsaya wajen digiri 21 zuwa 23, da dare ya sauka wajen 12, wato kamar daren hunturu a Kano, don haka a tanadar wa Hajiya rigar sanyi da safa, a kuma tambayi mai gida yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, domin da yawa suna kashe ta a wannan lokaci. Ƙauyuka da dama bututun gas bai kai gare su ba, da mai ko tukunyar gas suke ɗumama gida, ruwan zafi kuma a tanki yake, yana iya ƙarewa idan mutum shida suka yi wanka a jere.

Batun ruwa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, kuma a nan ne na ga baƙinmu sun yi asarar kuɗin jingina. Daɓen banɗakin Bature ba shi da magudana, a tsohon gida kuma katako ne a ƙarƙashinsa, ƙasan katakon kuwa silin falo ne na tsohon yaɓe. Ruwan da aka zubar a ƙasa wajen alwala ko tsarki zai bi ta tsakanin katako ya ɓullo a silin, gyaransa kuma ba arha ba. Ku tafi da butocinku, domin ba za ku sami ko ɗaya a can ba, ku yi tsarki a kan masai, ku wanke ƙafa a cikin kwamin wanka ko wurin shaya, ku shimfiɗa tawul a ƙasa. Yawancin gidajen da ke gefen ƙauye sokawe gare su, don haka ban da takardar banɗaki kada a jefa komai a masai, musamman ƙyallen goge jarirai. Za kuma ku iya tarar da famfo biyu a wurin wanke hannu, ɗaya na sanyi ɗaya na zafi, na zafin yana iya ƙona hannun yaro.

Sai wuta da hayaƙi. Kowane gidan haya yana da na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, inda akwai murhu kuma da wata mai gano iskar gubar nan marar wari da ke fita daga gawayi. Kada a cire musu batir ko a rufe su da leda. Turaren wuta a kasko zai tayar da su, kuma yawancin masu gidaje sun hana kyandir da duk wani abu mai garwashi, balle gidan da rufinsa na ciyawa ne, wanda in wuta ta kama shi da wuya a kashe. Na san gidan Bahaushiya ba ya cika sai da ƙamshi, to a tafi da humra da turaren fesawa, a bar kasko a gida. In kuna son hura murhun itace da dare, wanda ina ganin ya kamata ku ɗanɗana ko sau ɗaya, ku yi amfani da busasshen itacen da aka tanada, ku rufe ƙofar murhun, kada kuma a bar yara su kaɗai a wurin. Soket ɗin lantarki mai baki uku ne irin na Najeriya, ba ku buƙatar wani mahaɗi.

Abinci yana buƙatar shiri tun kafin ku isa. Ɗakin girki za ku same shi da tukwane da kwanuka da firji, amma ba mai dafa muku, kuma kantin ƙauye, in ma akwai shi, burodi da madara da ƙwai ne ƙarfinsa. Naman halal sai manyan garuruwa: titin Cowley a Oxford, unguwar Barton a Gloucester, ko Swindon, kuma a nan za ku sami shinkafa da attarugu da manja da doya. Ku yi cefanen mako a hanyarku ta zuwa. Manyan kantuna a Ingila awa shida kawai doka ta yarda su buɗe ranar Lahadi, yawanci suna rufewa da ƙarfe huɗu ko biyar na yamma. Daga gida za a iya ɗauko yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, amma an haramta shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga Najeriya, wato kilishi da dambun nama da man shanu duk za a ƙwace su a filin jirgi, har ma a ci tara. Wurin cin abinci a yawancin ƙauyuka mashaya ce, wadda a wurinsu ita ce dandalin gari, iyalai da yara suna zuwa cin abincin rana. Shiga ko rashin shiga lamari ne da kai za ka yanke wa iyalinka. In ba ku so, akwai ɗakunan shan shayi a garuruwa irin su Burford da Stow-on-the-Wold, sai dai suna rufewa da yamma. Ko'ina kuka ci, ku tambaya ko da kitsen alade ko giya a cikin girkin, ba sa jin haushin tambayar.

Lokutan salla za su ba ku mamaki. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, tana fitowa wajen biyar na safe, kuma har zuwa wajen makon uku na watan hasken shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya, shi ya sa jadawalin Isha'i da Asuba ke bambanta daga masallaci zuwa masallaci. Ku ɗauki jadawalin masallaci ɗaya, na Oxford ko na Gloucester, ku bi shi har ku tafi. Alƙibla tana kudu maso gabas, wajen digiri 118 daga arewa, ba gabas sak kamar yadda jikinmu ya saba ba, kuma yana da kyau a auna ta a tsakar gida, domin waya tana rikicewa a cikin bangon dutse. Juma'a sai an yi tafiyar rabin awa zuwa awa guda a mota, don haka in ranar shiga gidan Juma'a ce, ku yi salla da cefane a gari ɗaya sannan ku wuce.

Mota kuwa dole ce. Jirgin ƙasa daga tashar Paddington a Landan yana kai wa Moreton-in-Marsh cikin kusan awa ɗaya da rabi, akwai kuma tashar Kemble kusa da Cirencester, amma daga nan motocin haya na ƙauye kaɗan ne, wasu ƙauyukan ba sa ganin bas ranar Lahadi, tasi kuma sai an kira tun jiya. Baƙo yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12, sai dai kamfanin haya yana da nasa sharuɗɗan, ka tambaye su kafin ka taso. Ka kama mota mai kujera bakwai mai sauya giya da kanta tun da wuri, da kujerun yara, domin doka ta wajabta su ga yaron da bai kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 ba. A hagu ake tuƙi, hannun da Najeriya ta bari tun 1972. Abin da ya fi hannun wuya shi ne hanyoyin ƙauye masu ɗaukar mota ɗaya, shingen dutse dama da hagu, da 'yan wuraren rakuɓewa jefi-jefi. In kun yi kiciɓis da wata mota, wanda ya fi kusa da wurin rakuɓewa shi ke ja da baya, a ɗaga wa juna hannu a wuce, ba a hon. Doka ta yarda da gudun mil 60 a irin waɗannan hanyoyi, amma mai hankali ba ya kai rabin haka, saboda a bayan kowace kwana ana iya samun tarakta ko mahayin doki. Ku yi ƙoƙari ku isa da rana, ku sauke taswira a waya tun kuna gari domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwari, ku kuma riƙe bayanin hanya da mai gida ya turo, don gidajen ƙauye sunaye gare su, ba lamba ba. Mabuɗi yawanci yana cikin ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango. Lambar neman agajin gaggawa 999 ce, ta neman shawarar likita kuma 111. A tafi da magungunan Hajiya isassu a cikin kwalayensu, da inshorar lafiya, domin baƙo yana biyan kuɗin kwanciya a asibiti.

Wane ƙauye? Ra'ayina shi ne ku ziyarci mashahuran, amma kada ku kwana a cikinsu. Bibury mutanenta ba su wuce ɗari shida da 'yan kai ba, amma a ranar hutu dubbai ke sauka a cikinta, har mazauna suna kukan manyan motocin 'yan yawon buɗe ido da masu leƙa musu taga suna ɗaukar hoto. Haka Bourton-on-the-Water take, haka Castle Combe. Iyalin da ke son sutura ba za su sake a gidan da baƙi ke tsaye a ƙofarsa tun safe ba. Ku nemi wuri a kewayen Northleach, ko ƙauyukan da ke bin kogin Coln a ƙasan Bibury irin su Coln St Aldwyns da Quenington, ko Blockley da Ebrington kusa da Chipping Campden. Daga nan za ku iya zuwa Bibury da sassafe kafin jama'a su taru, ku ga kasuwar Talata ta Moreton-in-Marsh, ku kai yara gidan tarihi na Cirencester, garin da a zamanin Rumawa ake kira Corinium, shi ne na biyu a girma a Birtaniya bayan Landan, da kangon gidan Rumawa na Chedworth mai daɓen ado. Wuri ɗaya a rana ya isa, kwana biyu kuma ku bar su ba shiri, Hajiya ta zauna a lambu da carbinta ta sha hantsi.

Saura zama da mutanen ƙauyen, wanda nake so ka ba shi muhimmanci. Su ba ma'aikatan wurin shaƙatawa ba ne, gidajensu ne, kuma da yawansu suna jin zafin yadda gidajen hutu suka tsadar da muhalli har 'ya'yansu ba sa iya zama a garin haihuwarsu. Saboda wannan ne ma daga Afrilun 2025 aka ba ƙananan hukumomin Ingila ikon ninka harajin gida na biyu. Duk da haka mutane ne masu amsa gaisuwa, sun fi na Landan sakin fuska, kuma wanda ya gaishe su a hanya ya gama da su. Abin da suke so kaɗan ne: kada a tare musu ƙofa da mota, a rage murya a waje bayan ƙarfe goma na dare ko da gari da sauran haske, a raba shara kamar yadda aka rubuta a littafin gidan, a fitar da ita ranar da aka ce. Akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi ko da sun ratsa gonar wani, an yi musu alama da kibiya mai ruwan ɗorawa, mafi tsawonsu a yankin ita ce Cotswold Way mai mil 102 daga Chipping Campden zuwa Bath. Ku bi sawun hanyar, ku bar ƙofar shinge yadda kuka same ta, kada yara su kori tumaki ko su hau shingen dutse, kuma a yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi. A gefen hanya akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da ke sa fata ta yi borin jini, don haka yara su sa dogon wando. Za ku ga tebur a ƙofar wasu gidaje da ƙwai ko zuma ko kayan lambu, an rubuta farashi, ga gwangwanin saka kuɗi, babu mai tsaro. Ku riƙe 'yan sulalla saboda shi, ku bar yaran su saka kuɗin da hannunsu.

Ranar tafiya a wanke kwanuka, a kwashe abin da ke cikin firji, a mayar da kujeru inda aka same su, in wani abu ya fashe a faɗa wa mai gida kafin ya gani, a mayar da mabuɗi cikin akwatinsa kafin ƙarfe goma, domin masu shara suna da awa biyar ko shida ne kacal kafin wasu baƙin su iso. Idan ka sami gidaje biyu ko uku da suka kwanta maka, ka turo mini bayaninsu tare da hoton matakala da na banɗakin ƙasa, in duba maka wanda Hajiya za ta fi sakewa a ciki. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.